Peugeot 504 ko Mercedes 240D: wacce ta fi dacewa a tayar a tsakar gida a Maraɗi?

Ranar wata Asabar bayan la'asar ƙanin maiɗakina ya shigo gida, ko zama bai gama yi ba ya miƙo mini wayarsa. Hotunan motoci biyu ne. Ta farko Peugeot 504 ce fara, tana ajiye a wani kango, tayoyinta sun nutse cikin yashi har rabi, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ta biyu Mercedes 240D ce mai ruwan ƙasa, a bayan wani gareji kan hanyar Ɗan Isa, gilashinta na baya a fashe. Ya ce, "Yaya, kuɗin guda ɗaya gare ni, kuma so nake in gyara ta da hannuna a gida kamar yadda ka yi. Wacce zan ɗauka?"

Ya zo wurina ne don ya ga abin da na yi da motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. 504 ce familiyal, mai layin kujeru uku, ta shekara 9 a gindin bedi ba ta motsa ba, na yi wata 14 ina tayar da ita da yamma bayan aiki da ranakun hutu. A daidai wannan lokaci wani abokina tun na ƙuruciya yana fama da tasa 240D, yau in riƙe masa fitila, gobe ya riƙe mini. Duka biyun na sa hannu cikinsu har gwiwar hannu. Amsar da na ba yaron ta kai mu har magariba, shi ya sa na ga gara in rubuta ta, ko wani mai irin wannan shawarar zai amfana.

Kowacce cikinsu ta yi suna, kuma ba a banza ba. 504 ta fito a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, an ƙera fiye da miliyan 3, har ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. Ita kuwa 240D 'yar gidan W123 ce, wadda Mercedes ta fitar kasuwa a 1976 ta ci gaba da ƙerawa har farkon 1986, wajen miliyan 2.7. A Maroko ta yi shekara da shekaru tana aikin tasi tsakanin gari da gari. Sai dai ga wanda zai kwance mota a Maraɗi akwai labari guda da ya fi waɗannan duka amfani: tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 ba ta daina fitowa daga can ba sai tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta bar yin salun ɗinta a 1983. Mu kuwa tsakaninmu da Katsina bai kai kilomita 100 ba.

Daga nan zancen kayan gyara ya samo asali. Duk wanda ya kai shekara 40 a garin nan ya taɓa shiga 504 zuwa Tasawa ko Dakoro ko Damagaram, ya kuma ga bashe, wato 504 mai buɗaɗɗen baya, ta ɗauko buhunan gero da wake ranar kasuwa har gindinta na neman taɓa ƙasa. Motar da ta yi irin wannan yawa, gawarwakinta ma suna da yawa. A wurin 'yan gwangwan na cikin gari na samu ƙofa da fitilar baya da hannun sauke gilashi, ban je ko'ina ba. Abin da ya gagara a nan, Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna da wuya su rasa shi, Katako a Yamai ma akan dace. Tun da naira ta yi ƙasa a 2023 kuma, mai sefa a aljihu yakan ji sauƙin ciniki a ƙetaren iyaka.

Kayan jikin Mercedes, irin su fitila da madubi da ƙofa, su ma ana samu a Najeriya. Inda gizo ke saƙar shi ne injin gazuwal. Abin da na gani da idona, yawancin W123 da suka yi yawo a can masu shan fetur ne, 200 da 230, saboda arahar fetur a wancan zamani. Saboda haka nozul masu fesa mai, da hita masu ɗumama silinda kafin a tayar, da ringin 240D sai an nema da gaske. Abin daɗin shi ne har yau kamfanoni irin su Bosch da Lemförder suna yin sababbin kayanta masu kyau, kuma kuɗinmu a ɗaure yake da yuro, kusan sefa 656 kowane ɗaya, ka iya yin lissafinka tun daga gida ba tare da fargaba ba. Jira ne ke cin rai. Abokina ya yi mako 7 yana jiran kan nozul guda huɗu da aka sayo masa a Turai, motar na kan katako, ƙura na hawa.

Iyaka ma takan rufe. An rufe ta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023 har farkon 2024. Duk sa'ad da haka ta faru, arahar kayan 504 takan ja baya. Wanda ya samu zuwa Kano, ya tafi da jerin duk abin da yake buƙata a rubuce, ya sayo lokaci guda.

A nan dole in faɗi abin da ya ɓata mini rai. Yawan kayan 504 ya zo da yawan jabu. Na sayi famfon ruwa sabo fil cikin kwali, da tambari da komai, bai yi wata 2 ba ya fara ɗigo, boris ɗinsa yana ƙugi. Na koma wa mai shagon, ya ce shi ma haka aka kawo masa. Tun daga ranar nake tafiya da tsohon a hannu, in ɗora shi a tafin dama, sabon a tafin hagu, in ji nauyinsu. Jabu kusan kullum shi ne shafal. Sau da yawa na asali da aka ciro daga wata mota ya fi sabon da ba a san inda ya fito ba. Araha ba ta ado.

Sai inji, kuma a nan zan daɗe, don nan ne mai gyaran gida ke cin riba ko ya tafka asara. Injin fetur na 504 mai lita 2, wanda ake kira XN1, silinda 4 ne, cc 1971, a kishingiɗe yake gefe guda, ƙarfinsa ya ɗan haura doki 90. Ba kwamfuta a ciki. Kafireta ce da distiribita da sarƙar taimin. Babbar falalarsa ita ce silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba. Riguna ne na ƙarfe da ake zurawa, ruwan sanyaya inji yana zagaye su. Makanikan nan shamis suke ce musu, na ƙetaren iyaka su ce siliba. In sun cinye, sai ka zare su ka zura sababbi tare da fistin da ringi, inji ya dawo da ƙuruciyarsa. Ba abin da zai kai ka wurin masu injin gogewa sai dai in karanshaf ya ci ko kan inji ya lanƙwashe. Mutum da sifanoninsa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da haƙuri, zai iya wannan aiki a ƙarƙashin rumfa.

Amma falalar tana da tarko, ni kuma na faɗa ciki. Ranar da na cire kan injin, wanda muke ce wa kulas, na sa sifana na juya karanshaf don in ga yadda fistin ke hawa da sauka. Ban san cewa da zarar kulas ya tashi ba abin da ke danne rigunan ba. Fistin na hawa sai ya ɗan ɗaga guda, siririn abin toshiyar da ke gindinta ya saki. Ido ba ya ganin wannan. Na ɗaure komai, na tayar, inji ya ba da sauti mai daɗi, na kwana da murna. Bayan kwana 3 na zaro sandar duba baƙin mai, sai na ga ya koma kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga mai.

Na je na ɗauko wani dattijo, tsohon makanikin Peugeot da mahaifina ke kai wa mota, yanzu ido ya yi rauni ya bar aiki. Ya lakaci man da ɗan yatsa, ya murza, ya ce, "Ɗana, ka juya shi ba ka danne rigunan ba ko?" Na ce, "Haka aka yi, Baba." Bai yi mini faɗa ba. Ya sa na kawo manyan washa da guntayen bututu da ƙusoshin kulas, ya nuna mini yadda ake danne bakin rigunan kafin a taɓa karanshaf. Sa'an nan ya sa na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bulok, ya ce kowace riga sai ta ɗan ɗara bulok tsayi da kamar kaurin takarda ko ƙasa da haka, kuma su zo daidai da juna, in ba haka ba gasket ba zai riƙe ba. Aikin mako 3 ya koma farko. Duk wanda zai buɗe injin 504, wannan kaɗai in ya riƙe ya tsira daga rabin wahala.

Abu na biyu, kulas ɗin na alminiyum ne, zafi in ya yi yawa yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, lagireto shi ne farkon abin gyara, tun kafin a yi zancen fenti. A kai shi a buɗe a wanke, in ya ruɓe a sauya cikinsa, a sa sababbin tiyo, a daina ɗura masa ruwan rijiya mai barin dutse-dutse a ciki. Akwai kuma 504 mai gazuwal, injin Indenor, kamar XD2 mai lita 2.3. Ba ta shan mai sosai, amma kulas ɗinta ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa in ya taɓa yin zafi, kuma mai sayarwa da wuya ya faɗa maka ya taɓa. Ga wanda ke fara gyaran mota a gida, mai fetur nake ba shi shawara.

Injin 240D, wanda ake kira OM616, wani hali gare shi daban. Baƙin ƙarfe ne sama da ƙasa, lita 2.4, doki 65 a na farko, daga 1978 ya koma 72. Famfonsa na Bosch mai tura gazuwal ba ya buƙatar wutar lantarki. Da zarar ya tashi, ko batir ya mutu zai ci gaba da tafiya. In ana sauya masa baƙin mai a kan kari, ana saita bawul, zai iya binne injin 504 biyu yana nan da ransa. Ban taɓa ganin injin da ya kai shi juriya ba, kuma ba na jin kunyar faɗar haka ko da yake ni mutumin Peugeot ne.

Sharaɗin kawai shi ne ka same shi da lafiya. In ya riga ya mutu, tsakar gida ba wurin tayar da shi ba ne. Bulok sai an kai wa masu inji, famfo sai an ɗora shi kan teburin gwaji, nozul sai mai na'urar auna feshi, ga nauyi. Matsinsa ya kai 21 bisa 1, saboda haka yana son babban batir da sitata mai ƙarfi da hita masu rai, musamman da asubar hunturu. Abin da na gaya wa ƙanin maiɗakina shi ne ya je da sassafe ba tare da ya faɗi lokaci ba, ya fara ɗora hannu a kan injin ya tabbatar da sanyi yake, sa'an nan a tayar a gabansa. In ya tashi, ya sassauta murfin baƙin mai ya bar shi a zaune: in ya ɗan yi rawa ne kawai, ba laifi, in ya yi tsalle hayaƙi na bulbulowa, ringi sun tafi, ya juya ya bar ta. Inji mai ɗumi kan ɓoye duk wannan.

Batun mai kuwa, tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 muna da fetur da gazuwal na gida. 240D ta fi 504 tsimin mai, ba gardama. Amma kafiretar 504 in ta sha datti, ka buɗe ta ka hure ka ci gaba da tafiya. Famfon Bosch in ya sha ruwa ko ƙasa daga man kwalba na bakin hanya, kuɗi ne masu nauyi. Mai 240D sai ya zama mai tsantseni kan inda yake shan mai, ya riƙa sauya matatun mai guda biyun nan a kai a kai.

Akwai wani abu a Mercedes da ke ba sabon shiga mamaki. Makullan ƙofofi da kashe inji duk da zuƙar iska suke aiki, ta wasu siraran tiyo da suka ratsa motar. Zafin ƙasarmu yana busar da mahaɗansu na roba su tsattsage. Ranar farko da abokina ya fito da tasa, muka isa ƙofar masallaci, ya zare makulli, inji ya ƙi mutuwa. Sai da ya buɗe bonet ya danna wani ɗan ƙarfe mai rubutun STOP da ke jikin injin. Gyaran ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci: bin tiyo ɗaya bayan ɗaya har a gano mai yoyo.

Yanzu ga inda Mercedes ke iya juya lissafin gaba ɗaya, wato bodi. Inji ana sauyawa, kujera ana ɗinkawa, amma bodin da ya ruɓe ko ya karye rami ne mai cin kuɗi ba ya cika. Yawancin 504 da suka rage a ƙasar nan aikin haya suka yi. Sun ɗauki mutum 9 da kaya a sama shekara da shekaru, an yi musu walda a kan walda. Ka buɗe ƙofofi ka rufe. In sai an ɗaga ƙofa kafin ta kama, ko tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ta fi faɗi a sama bisa ƙasa, motar ta lanƙwashe. Ka duba inda shokozoba na gaba ke ɗaurewa a cikin bonet, da ƙarƙashin ƙofofi, da daben ƙafa. Mercedes kuwa sau da yawa motar Alhaji ce, direba ɗaya, daga gida zuwa kasuwa zuwa masallacin Juma'a, ƙarfenta kuma ya fi kauri, mai walda ya fi jin daɗinsa.

Sai dai ita ma tana da inda take ruɓewa: ramukan sa jak, ƙarƙashin mazaunin batir, bakin tayoyin baya, da daben ƙafa in magudanan ruwa sun toshe. A nan asalin motar ya fi sunanta muhimmanci. Wadda ta yi rayuwarta a Maraɗi ko Damagaram, rana ta cinye fenti, ta fasa dashbod, ta busar da roba, amma ƙarfe na nan garau saboda bushewar ƙasarmu. Wadda ta daɗe a Turai, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, ko ta zauna a Kotonu ko Lome ko Legas kusa da teku, tana iya sheƙi a sama ƙasa kuwa ta zama gari. Ka tafi da ɗan maganaɗisu da sukundireba. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, cikon mastik ne aka shafe da fenti. Ka kwanta ka zunguri ƙasa. Mai mota in ya hana ka, ya riga ya ba ka amsa.

A kan hanya kowacce da daɗinta. A kwaltar Yamai ko ta Damagaram, 240D kamar kana zaune a falo ne, sitiyari da nauyi, birki na faifai a ƙafa huɗu, sai dai wuce babbar mota sai ka yi dogon lissafi, don doki 72 ne ke jan kusan kilo 1,400. 504 ta fi ta zafin nama. In kuma aka sauka daga kwalta, aka kama hanyar ƙauye mai yashi da gargada, nan take nuna dalilin da ya sa Afirka ta riƙe ta. Ƙafafunta suna da dogon miƙewa, tana haɗiye rami ba ta jijjiga ka, furofelarta kuma a cikin bututun ƙarfe take, yashi da dutse ba su taɓa ta. Familiyal da bashe masu aksil guda a baya sun fi salun jure kaya. Wanda ke da gona wajen Madarunfa ko dangi a ƙauyukan Gidan Rumji, ba sai an gaya masa wacce ce tasa ba.

Wannan bututun furofela shi ya kawo mu ga zancen sauye-sauye, don yaron ya tambaye ni, "Yaya, in na cire injin na sa na Toyota fa?" Mutane da yawa suna yi, na kuma ga waɗanda suka yi suna tafiya. Amma a 504 giya da bututun da difaranshal duk a haɗe suke kamar ƙashin baya. Ka kawo inji da giya na wata mota, sai an yanka, an ƙera mahaɗi, an sauya mazaunin inji, an taɓa wayarin da salansa. Kowane yanka sabuwar matsala ce da ba ta cikin kowane littafi, kuma ranar da ta lalace a Tibiri, makanikin Peugeot zai ce ba tasa ba ce, na Toyota ma haka. Ko kuloci za a sauya a 504 sai an fitar da inji ko an ja kayan baya, balle wannan. Ga Mercedes kuwa, cire OM616 mai lafiya ban ga dalilinsa ba sam, don shi ne abin da ka saya.

Sauyin da na yarda da shi shi ne wanda ke ƙara lafiya ba tare da an yanka komai ba, wanda in ka so gobe za ka iya mai da shi yadda yake. A tawa na sa lagireto mai layi da yawa, da ƙarin fanka ta lantarki a gaba, da na'urar ba da wuta ta zamani a madadin kwantak da ke ƙonewa, da altaneta mai ɗan ƙarfi, da rile a fitilun gaba. Tiyon birki da na mai duk na zubar da tsofaffin ba tare da na duba ba. Robar da ta shekara 30 a zafinmu ba a yi mata uzuri. Na sa bel a kujeru, don 'ya'yana ke shiga. Manyan wili da faffaɗan taya kuwa, suna da kyau a hoto, amma suna cin boris, suna nauyaya sitiyari, suna kashe laushin da saboda shi ake son motar. Eyakondishan in da hali, 240D ba ta da dokin da za ta ba shi aro. 504 ta fi ɗaukarsa, in an fara gyara sanyaya inji.

Takardu, a gajarce: kafin ka ba da ko dala, ka goge lambar shasi ka gwada ta da ta katin mota harafi da harafi. Motar da ta ƙetaro daga Najeriya sai da takardar duwan. Motar gado sai da yardar magada, a gaban shaidu. In ka sauya inji daga fetur zuwa gazuwal, katin ma sai an gyara. Na san wanda ya ƙare aiki tsaf, mota na sheƙi, ba ta iya wuce shingen farko na bayan gari.

Gidan ma sai an dube shi. Tsakar gidajenmu yashi ne, jak yakan nutse, saboda haka a yi ɗan dabe na siminti ko a shimfiɗa katako mai kauri. Kada a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, kada kuma a dogara da bulo, yakan fashe ba sallama. A kafa rumfa, a samu akwati mai kwaɗo saboda yara, a tara gwangwanayen tumatir a rubuta wa kowanne sunan inda ƙusoshinsa suka fito, a ɗauki hoto da waya kafin a kwance kowace waya. Injin 504 ni da mutum biyu muka fitar da shi da sarƙa da ƙafa uku na ƙarfe. Na 240D sai da muka yi hayar abin ɗagawa. Fenti kuma ba a yi da hunturu, ƙura za ta zauna ciki, ba a yi da damina saboda laima. Ni na yi nawa a Oktoba, da sassafe, bayan mun yayyafa wa ƙasa ruwa.

To ga abin da na ce masa. In dukansu bodinsu da lafiya, kuma wannan ne karonka na farko, kuma kuɗinka jika-jika suke shigowa wata-wata, ɗauki 504 mai fetur. Za ka yi kuskure, amma kuskurenta mai araha ne, kayanta na kusa, kuma har yanzu akwai dattawan da suka san ta kamar tafin hannunsu, a Sabon Gari da Zariya da sauran unguwanni, waɗanda za su zo su zauna a kan benci su nuna maka. In kuwa 504 ɗin ta sha haya har ta lanƙwashe, Mercedes ɗin kuma ta tashi da sanyin safiya ba gardama, murfin mai bai yi tsalle ba, maganaɗisu ya kama ko'ina, kuma kana da haƙurin jiran kaya da abin sayensu, to ɗauki 240D ka bar injin a rufe, ka yi ta gyaran roba da birki da kujeru. Wadda ba zan yarda ka taɓa ba ita ce 240D mai mataccen inji don an yi maka araha.

Washegari bayan sallar asuba muka biya muka ɗauki Baba, tsohon makanikin nan, a kan babur, muka fara da kangon. Ya zagaya 504 ɗin sau biyu yana shafa ta da tafin hannu, ya buɗe ƙofar baya ya rufe, ta kama da sauti ɗaya. Ya sa yaron ya cire fulogi huɗun, ya ɗura ɗan baƙin mai a kowane rami, ya ce a bar shi ya jiƙa. Muka wuce hanyar Ɗan Isa. Mai garejin ya ce batir ba caji, mu dawo da rana ya riga ya ɗumama ta. Baba ya dubi yaron ya ce, "Ka kawo batirinka gobe war haka, in ya yarda." Muka koma kangon da babbar sifana, yaron ya kama notin karanshaf ya ja a hankali, inji ya juya.